Minti Huɗu a Kashi na Tara

Unguwar Sheshe,
Birnin Kano.
3 ga Fabrairu, 2024.

Zuwa ga Dakta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki, da kuma aiki. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ta fara gardama da matakala. Mahaifiyarki hawan jininta ya sauka tun da ta rage gishiri. Na ce Dakta saboda na ji haka ake kiranki yanzu a can Afirka ta Kudu. Ban ji daga bakinki ba, amma dai na ji.

Kada ki firgita da ganin rubutuna bayan shekara huɗu. Ba wanda ya rasu. Tambaya ce ta ilimi, kuma duk unguwar nan ba wanda zan yi wa ita. Har yanzu ba na taɓa wayar nan ta shafa, don haka mahaifiyarki za ta ɗauki hoton takardun ta tura miki.

Kin san zauren Alhaji Abdulbaqi, inda muke zama daga La'asar zuwa Magariba. 'Ya'yansa sun sa masa sola da talabijin, sai majalisar da aka sani da zagin gwamnati ta koma gidan kallo. Abin da muke bi wani shirin Turawa ne mai dogon zango, na tafiyar sararin samaniya. Wani Mailafiya mai shagon tura finafinai a Ƙofar Ɗan Agundi shi ke fassara shi da Hausa, ya sa masa suna Rijiyar Sama, ya raɗa wa kowa a ciki sunan da ya ga dama. Ban san sunansa na asali ba, za ki gane shi daga bayanina. Da farko don na yi musu dariya nake zama. Yanzu ni ke riga kowa zuwa.

Mutum bakwai ne a jirgi, suna hanyar komawa gida, hanyar kuma ta bi ta kusa da baƙin rami, irin wanda ko haske ba ya kuɓuta daga jansa, wanda Mailafiya yake kira rijiya. A cikin jirgin akwai wata ƙofa da ke kai mutum wata tasha mai nisa a taku ɗaya. A kashi na tara, makaniken jirgin, Gwani, da likitarsu, Asabe, suka shiga ƙofar. Asabe yarinya ce ɗanya, tana riƙe da dashen lemo a gwangwani. Agogon bango ya nuna goma da minti sha biyu. Ƙofa ta rufe. Ƙofa ta buɗe, agogo ya nuna goma da minti sha shida. Asabe ta fito ita kaɗai, kanta fari fat, agogon Gwani a hannunta, tana ɗauke da kwando cike da nunannen lemo. Abin da ya biyo baya kawai, ga su a tebur, kyaftin yana ɓare lemo. Shi ke nan kashin ya ƙare.

Ina Gwani? Yaya mace ta tsufa a minti huɗu? Me ya sa ba wanda ya tambaye ta komai? Garin nan ya ɗauka. Har mai adaidaita sahun da ya kai ni Dala ranar Talata sai da ya kusa hawa kwata yana yi mini bayanin nasa ra'ayin.

Ɗantani baduku, wanda kin sani tun kina rarrafe bakinsa ba ya rufuwa, ya ce ai magana a fili take: ta kashe shi ta binne a gindin lemon, shi ya sa ya yi 'ya'ya haka, furfurar kuma alhaki ne. Alhaji Abdulbaqi ya ce irin na mutanen kogo ne. Na ce masa Alhaji, su sun daɗe ba su tsufa ba, wannan ta tsufa ba ta daɗe ba, ka riƙe abin a kife. Sauran suka ce aljanu, don a majalisar nan duk abin da ya wuce lissafin goro aljanu ne.

Ga abin da na gano. Kowa ya ɗauka tashar ce take cikin rijiyar. Ba zai yiwu ba. Wanda ya kusanci baƙin rami lokacinsa ne yake jan ƙafa, shi ne ba ya tsufa. Da tashar ce a bakin ramin, da Asabe ta fito da ƙuruciyarta ta tarar da na jirgi sun tsufa. Tun da ita ta tsufa, to ita ce take waje, inda lokaci yake tafiya yadda aka saba. Jirgin ne ya faɗa. Su ne a cikin rijiyar ba su sani ba. Gwani tsufa ya yi ya mutu a can. Kyaftin ya sani, shi ya sa ya hana tambaya, don gidan da suke ɗokin komawa ya daɗe da zama kufai.

Na ƙiyasta ta yi shekara talatin a can, daga furfurar da yadda fatar hannunta ta yamutse. Shekara talatin a kan minti huɗu, ninki kusan miliyan huɗu ke nan. Lissafin yana takarda ta uku. Na yi shi da hannu. Ba shakka nake yi ba. Ina so dai wani wanda ya san abin ya duba. Idan kina da lokaci.

Ki gai da maigidanki.

Wassalam,
Malam Tanko Sheshe.


Unguwar Sheshe,
17 ga Fabrairu, 2024.

Zuwa ga Dakta,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Mu ma lafiya, alhamdu lillahi. Mahaifiyarki ta ce alamar da ke nuna an buɗe saƙo ta canza launi tun ranar da ta tura. Ke nan kin gani. To madalla. Na san aiki da yawa.

Bari in ba ki labarin abin da ya faru. Ranar Asabar na ce wa majalisa yau ba kallo, darasi za a yi. Na ari zanen gadon mahaifiyarki, na sa mutum huɗu suka kama kusurwoyinsa suka ja. Na ɗora ɗan dutsen niƙa a tsakiya, zane ya lotsa. Na karɓi goro ɗaya a hannun Alhaji na gangara shi daga gefe, ya yi ta kewaya dutsen yana matsowa har ya faɗa. Na ce ga rijiyarku, ga jirginku. Na ɗauki alli na cika bangon zauren da lissafi, Alhaji yana kallon sabon fentinsa.

Shiru aka yi. Kin san shekara talatin da uku na yi ina koyar da fiziks a sakandare, ina zana kwalaben gwaji a allo saboda ɗakin gwajin ba komai cikinsa sai jemagu. Ban taɓa samun aji ya yi mini shiru irin wannan ba. Wani tsoho mai ɗinkin hula, wanda bai taɓa shiga boko ba, ya ce Malam, ke nan su suna ganin yanzu suka bar gida, alhali jikokin jikokinsu ma sun mutu? Na ce haka ne. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Washegari mutane suka zo daga Dala da Mandawari, har zaure ya kasa ɗauka, na sake yi a waje. Yanzu idan na fito masallaci sai in ji ana ga Malamin Rijiya nan.

Ɗantani ne kaɗai bai sallama ba. Ya ce shi bai ga abin mamaki ba, goro ko a tire ka gangara shi zai faɗi. Na ce jahilci ma baiwa ce, ba kowa ake ba da yawa haka ba. Aka yi dariya. Sai ya ce to Malam Tanko, tun da kana da 'ya likitar taurari, ta sa hannu mana mu gani. Ya ce ko da yake ya ji ko gaisuwarta ma sai ta bakin uwarta kake ji. A nan ba wanda ya yi dariya. Alhaji ya ce Ɗantani ka wuce gona da iri. Ni kuwa na miƙe na ce ranar Juma'a, ɗaya ga watan gobe, zan kawo amsarki rubuce in karanta a gaban kowa.

Na faɗa, kuma ba na janye magana.

Na san abin da ya sa kika yi shiru, ba sai an gaya mini ba. Ranar da kika zo da takardar tafiyarki kika durƙusa a gabana, na ce miki karatun taurari a hannun ɗan ƙasar nan wasan yara ne, za ki ƙare kamar ni, kina zana kwalba a allo. Na karɓe rular lissafin da na ba ki tun kina aji uku na kulle a akwati. Ban raka ki filin jirgi ba. Duk na tuna.

Amma ki tuna wanda ya faɗa. A shekarar saba'in da tara ni na zo na ɗaya a ajinmu. An ba ni gurbin karatun taurari a waje, na yi fasfo, mahaifiyata mai sunanki ta ɗinka mini rigar sanyi da hannunta. Saura kwana tara na je wani ofis karɓar tikiti, na tarar an goge sunana an rubuta na ɗan wani. Ana ganin sawun gogewar a takardar, ko sake bugawa ba su damu su yi ba. Wanda ya ga wannan da idonsa yana da hujjar gargaɗin 'yarsa. Ban ce na yi kuskure ba. Gargaɗi na yi.

Wannan dai ba shi ne dalilin wasiƙar ba. Layi biyu sun isa: lissafin daidai ne, jirgin ne a rami. Ki sa sunanki da muƙaminki a ƙasa yadda Ɗantani zai ji nauyinsa.

Wassalam,
Malam Tanko.


Unguwar Sheshe,
25 ga Fabrairu, 2024.

Dakta,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fata kuna lafiya. Amsarki ta iso, mahaifiyarki ta riƙe mini wayar na karanta da tabarau. Layi huɗu. Na roƙi biyu kin ba ni huɗu, na gode da karamci.

Kin ce kin nemo shirin kin kalla. Kin ce kashi na tara na asali minti hamsin da biyu ne, kin tambayi tsawon namu. Na sa an duba, arba'in da ɗaya ne. Kin ce a naku ba wani abin ɓoye, an nuna komai, wai tashar tana da injin gaggauta lokaci don noman abinci, ƙofa ta lalace ta rufe su a ciki. Kin ce in tambayi mai fassarar.

Ban yarda ba, kuma ga dalilaina. Na farko, tsawon fim yana raguwa idan aka cire waƙar farko da jerin sunayen ƙarshe. Na biyu, wanda ya iya tsara shirin da ya kai kashi tara ba tare da ya yi wa nauyi da motsi ƙarya ba, ba zai zo ya ɓata shi da injin nuna lemo ba. Wannan zancen yara ne. Na uku, mai yiwuwa wani shirin kika kalla mai kama da shi. Ki sake dubawa. A namu kyaftin yana da tabo a gira ta dama. Takardar ta cika, zan juya zuwa ta biyu.

Abin da ya fi ba ni mamaki, ko kallon lissafin ba ki yi ba. Takarda guda cur, ba ki ce daidai ba, ba ki ce kuskure ba. Na gane. Kin jira shekara huɗu ki samu inda za ki rama, ga shi na kawo miki kaina a tire. To ki sani, abin da kike taƙama da shi a cinyata kika fara jin sa. Ni na hau da ke Dala na nuna miki Zara kina shekara shida. Digirin da aka ba ki nawa ne, wanda aka goge, ya zagayo ya faɗa hannunki don kin zo a lokacin da ake neman mata a cike gurbi. Na gwammace in tsaya gaban Ɗantani in ce ba ni da 'yar da zan tambaya, da in karanta wannan amsar taki. Ba sai kin sake wahalar da kanki ba.

Tanko.


Unguwar Sheshe,
Birnin Kano.
3 ga Maris, 2024.

Zuwa ga Ummina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ke da maigidanki. Ina fata kuna cikin ƙoshin lafiya, aiki yana tafiya, sanyin can bai fara ba. Mu nan lafiya ƙalau. Gwiwar ma ta yi sauƙi, wataƙila don ta sha tafiya makon nan. Wasiƙar za ta yi tsawo, ki samu wuri ki zauna.

Ranar Talata na tafi Ƙofar Ɗan Agundi da ƙafa. Ba don na yarda da ke na je ba, don in samo hujjar ƙaryata ki na je. Shagon Mailafiya bai fi ɗakin girkinmu ba, an lulluɓe bangonsa da katifu saboda ƙarar titi. Mutum ne mai tumbi da fara'a, ya kai hamsin. Yana ganina ya miƙe ya ce Malamin Rijiya da kansa, ya ce tun da na yi darasin nan mutane suke layin karɓar kashi na tara, har wanda ya riga ya kalla. Da ya yi magana sai na ji muryar kyaftin tana fita daga bakinsa, na rasa inda zan sa idona.

Na tambaye shi kai tsaye ko ya yanke wani abu. Ya ce Malam, ai kowane kashi sai na yanke, ka taɓa ganin Bature ya yi awa guda bai yi abin kunya ba? Ya ce shi a zauruka da tsakar gida ake kallon kayansa, uba da 'ya'ya da suruki a tabarma ɗaya, idan ya bar runguma ɗaya ta wuce gobe ba mai sake shigo masa shago. Ƙa'idarsa ita ce daga inda hannu ya taɓa hannu yake sa almakashi, sai inda kowa ya koma cikin tufafinsa. Na ce a kashi na tara fa? Ya ce wannan ai ya ba shi wahala, minti goma sha ɗaya ya zubar, don daga rufe ƙofa suka fara. Na ce ba ka ga cewa bayanin labarin duka yana ciki ba? Ya sosa ƙeya ya ce wallahi shi idan ya ga an fara ba ya tsayawa sauraro, gaba yake turawa yana istigfari.

Na sa ya kunna mini. Ya juya wa allon baya, ni na kalla. Komai yadda kika faɗa. Ƙofa ta lalace. Wata murya ta yi bayanin injin noman, da zane da komai, yadda ko Ɗantani zai gane. Suka zauna tare, lemo ya girma, Gwani ya tsufa ya yi tari ya mutu, ta cire agogonsa, ta binne shi a gindin lemon. Kuma da ta fito sun tambaye ta, har kuka kyaftin ya yi. Sai dai a ɗakin gwajin lafiya aka yi tambayar, tana sanye da abin da bai kai zani ba, almakashi ya bi ta kai. Duk duniya ba wanda ya taɓa ganin wani sirri a kashi na tara sai mutanen Kano. Mailafiya ne ya ƙera mana shi, kuma bai ma san ya yi ba.

Ya roƙe ni kada in faɗa. Ya ce Malam, ni da kai duk mun samu rufin asiri, bar shi haka. Ba zan ɓoye miki ba, daga Ɗan Agundi har Sheshe ina juya maganar. Ba wanda zai sani. Zan iya cewa amsarki ba ta iso ba. Amma shekara talatin da uku ina dukan tebur ina gaya wa yara cewa idan gwaji ya saɓa wa lissafi, lissafi ake jefarwa. Ban taɓa samun kayan gwajin da zan nuna musu ba. Ga shi gwaji ya zo har gida.

Ranar Juma'a bayan La'asar zaure ya cika har waje. Na miƙe na karanta layukanki huɗu yadda kika rubuta su, da sunanki. Na faɗi abin da na gani a shagon Mailafiya. Na ce jirgi ba ya cikin rami, ni ne na faɗa ciki, kuma 'yata ce ta ciro ni. Na ɗauki tsumma na fara goge bangon Alhaji.

Hayaniya ta tashi. Wasu suka ce a kawo na asalin a gani, Alhaji ya ce ba a zaurensa ba. Mai ɗinkin hula ya ce shi bai yarda ba, Turawan ne suka yi kuskure. Ɗantani ya bari sai da aka lafa, ya ce shi dai tun farko ya faɗa an binne mutum a gindin lemo, kuma an binne, saboda haka a rubuta cewa baduku ya kayar da mai digiri. Na ce a rubuta. Sai ya kama hannuna da tsumman ya ce bar sauran, Tanko, injin nuna lemo ai ko ni zan iya ƙirƙira, naka ya fi daɗin ji. Ya ce kuma yarinyar nan ta amsa maka, shi ne abin da na ce ba za a yi ba, na janye. Rabin lissafin yana nan a bangon har yau.

Da na dawo gida mahaifiyarki ta miƙo mini waya, ta ce tun Laraba saƙonki na biyu ya zo, ta ga fuskata ba ta karɓar saƙo shi ya sa ta ajiye. Shafi biyu da rubutun hannunki. Kin bi lissafina layi-layi, kin ce ba kuskure ko ɗaya, kin ce a farko ba ki yi maganarsa ba ne don kina so ki zauna ki duba shi yadda ya kamata. Kin ce kin ba ɗalibanki shi a matsayin tambaya, mutum biyu kawai suka gano jirgin ne a rami. Kin fara saƙon da kalmar Baba.

Na karanta sau uku, sai abin ya dame ni. Na san abin da na rubuta miki a wasiƙar da ta wuce. Ba a amsa irin wannan da Baba. Na tambayi mahaifiyarki takarda nawa ta tura. Ta ci gaba da tsince shinkafarta ta ce ɗaya. Na ce biyu na ba ki. Ta ce ta sani, ta karanta ta biyun ta sa a ƙarƙashin katifa. Na ce da izinin wa? Ta ce Malam, shekara huɗu ina tsakaninku, kana tsammanin duk abin da ka ce a gaya mata nake gaya mata? Ta ce Mailafiya da almakashinsa yaro ne a wajena.

Ke nan a wajenki wasiƙar ta tsaya a tabon girar kyaftin, ba ko sa hannu. Zan iya barin ta haka, kamar yadda Mailafiya ya so in bar nasa. Ba zan bari ba, don na ga abin da yankakken labari yake sa mai hankali ya gina. A takardar nan na ce ramuwa kike yi. Na ce digirinki nawa ne da aka goge, an ba ki don cike gurbi. Na ce ba ni da 'yar da zan tambaya. Na rubuta, da hannuna, ina cikin hankalina. Ƙarya ne duka. Digirinki naki ne, na ga hannunki a shafi biyun nan, ya wuce nawa. Abin da na gaya miki ranar da kika durƙusa da takardar tafiya shi ma ba gargaɗi ba ne. Ban iya jure ganin an bar sunanki a inda aka goge nawa ba. Na tsaya a ofishin nan na saba'in da tara ina ganin ban fi minti huɗu ba, na ɗago kai na tarar 'yata ta zama Dakta ban raka ta ko bakin ƙofa ba.

Na yi kuskure, Ummi. Ki yafe mini. Shekarata saba'in, sau biyu na taɓa faɗin wannan kalmar, duka a mako ɗaya, kuma ban mutu ba.

Na ciro rular daga akwati na goge ta. Ba zan ba kowa ya kawo miki ba, kada ta karye a hanya. Tana nan a kan tebur sai kin zo. Wannan wasiƙar takarda uku ce, na sa musu lamba, kuma zan tsaya a kan mahaifiyarki har ta ɗauki hoton kowacce.

Saura abu ɗaya. A ƙarshen shafinki na biyu kin ce ko da lissafin ya yi, jirgi ba zai iya tsayawa gab da bakin rami haka ba, ƙarfin da zai riƙe shi zai niƙe mutanen ciki. Gaskiya ne, idan ramin a tsaye yake. Wa ya ce miki a tsaye yake? Idan yana juyawa da sauri, jirgi zai iya kewaya shi kusa ƙwarai ba tare da ya kunna inji ba. A nan ina ganin ke ce kika yi gaggawa. Ki duba ki gaya mini. Shekara arba'in da biyar nake jiran wanda zan yi wannan gardamar da shi.

Mahaifiyarki tana gaishe ki. Ɗantani ya ce a gai da likitar taurari, a tambaye ta ko a can ma ana binne mutum a gindin lemo. Allah ya yi miki albarka, ya tsare ki, ya ƙara miki sani.

Ni ne mahaifinki,
Tanko.